Bangon Gabas

Briqueterie, Yawunde
Watan Jimada Sani

Zuwa ga Adda Azumi,

Assalamu alaikum. Ki yi haƙuri da na ɗora miki karatun wannan takarda, alhali kina da naki hidindimu kuma ba mu saba rubuta wa juna ba. Ni ce Rahmatu, jikar Inna Dudu ta Garwa, ƙanwar kakarki. Mun taɓa haɗuwa a wani biki a Garwa, kika riƙe min jaririya har na ci abinci. Ina fata kina lafiya, da maigidan da yara da jikoki. Mu nan sai godiya. Ciwon bayan Malam, maigidana, ya lafa, yana zama a kan keken ɗinkinsa.

Jaririyar da kika riƙe ita ce Salwa, autata. Kin ji Allah ya karɓi abarsa a ƙarshen damina, zazzaɓi ne, bai daɗe ba. Saƙon ta'aziyyarki ya iso, an kunna min na ji. Ban amsa ba, kuma ba raini ba ne. In na kai telefon baki murya ba ta fita. Shi ya sa na ɗauki biro. Maƙwabciyata Halimatussa'adiya za ta ɗauki hoton takardar ta tura miki, ita kuma za ta kawo min amsa.

An ce min kina aiki a wurin renon shuke-shuke a Jos. Abin da ya kawo ni ke nan.

A tsakar gidanmu akwai dogon bango da ya raba mu da gidan Mohaman Bello mahauci. Tsakar gidan ba wani fili ba ne, nan unguwar in kin shimfiɗa tabarma biyu kin gama da shi, kuma siminti ne ko'ina. Bara aka koya musu wani abu a lise, makarantarsu ta sakandare, sai Salwa ta fara tara gorunan ruwa na roba. Ta yanke cikinsu, ta huda su, ta cika da ƙasa, ta rataye su a bangon layi-layi. Babanta yana kiranta manomiyar sama. Mun ci ganye daga bangon nan. Ban san sunan rabinsu ba, ita ke tsinko min in ina miya, ni kuma ban tambaya ba.

Lokacin jinya da zaman makoki ba wanda ya tuna da ruwa. Ranar da na ɗaga kai na duba, duk sun zama tsinken tsintsiya.

Shekaranjiya Malam ya shigo da bokitin fenti ya ajiye a zaure. Kowace shekara yana shafe gidan kafin azumi. Ya ce, "Rahmatu, in lambu ne ya zama lambu. In bola ce, kafin azumi zan sauke." Ba da faɗa ya faɗa ba, mu yanzu ba mu da ƙarfin faɗa. Na ce to.

Ba zan yi miki ƙarya in ce ina jin wani abu in na kalli gorunan ba. Ba na jin komai. Abinci ma haka, tuwo da shinkafa duk ɗaya suke a bakina. Sai dai ba na so a sauke su. Hannunta ne ya ƙulla kowace igiya, kuma bahaguwa ce, ƙullinta ba ya kama da na kowa.

Don Allah me zan shuka wanda zai yi kafin azumi? Ban taɓa shuka komai ba.

Ƙanwarki,
Rahmatu

*

Jos

Rahmatu ƙanwata,

Wa alaikumus salam. Wane irin haƙuri kike ba ni? Da kin rubuta min tuntuni. Muna lafiya, sanyin Jos ne kawai yake cin ƙashinmu, maigidan har da hular ulu yake kwana. Allah ya jiƙan Salwa, ya sa mai ceto ce. Na tuna ta sarai, ta yi min fitsari a sabon leshi, na ce wannan yarinya za ta yi arziki.

Rubutunki kamar na malamai, sai da na nemo tabarau. Ni nawa ki yi maneji, hannun mai ɗibar taki ne.

Kafin watan sunana akwai sauran lokaci, ganye ba ya jan rai. Amma shuka a bango ba kamar shuka a ƙasa ba ce. Gora ba ta da zurfi, ƙasarta kaɗan ce, tana saurin bushewa, kuma abin da aka rataye ba shi da wurin gudu. Don haka ba a fara da tambayar me ake so, da bangon ake farawa. Ki amsa min waɗannan.

Ina bangon yake fuskanta? Wannan ita ce babba.

Gorunan a kwance suke ko a tsaye, kuma hannunki yana shiga ciki har ina? Ruwan famfo kuke da shi ko na rijiya? Akwai kaji ko akuya a gidan? Ƙasar da ke ciki wace iri ce, in kin jiƙa ta kin dunƙula tana wargajewa ko tana zama kamar tuwo?

In da hali maƙwabciyar taki ta ɗauko min hoton bangon, ya fi dogon bayani.

Shi kuma Malam Nu'man ki ce na gaishe shi, ki ce ya rufe bokitinsa da kyau kada fentin ya bushe yana jira. Ba za a sauke komai ba.

Ki riƙa cin abinci ko ba ɗanɗano. Ciki bai san ɗanɗano ba.

Addarki,
Azumi

*

Briqueterie

Adda,

Sallama da gaisuwa. Na gode da saurin amsa. Muna lafiya. Na isar da gaisuwarki ga Malam, ya amsa. Maganar bokitin ban faɗa masa ba, ki gafarce ni.

Ga amsoshin, na duba kowanne da idona kafin in rubuta.

Bangon dai gabas ne. Shi ne bangon gabas ɗinmu.

Gorunan a kwance suke, layi huɗu. In na sa hannu, yatsuna kan nutse su taɓa ƙasan robar. A layin ƙasa akwai manyan bidon, wato jarkokin mai, da ta raba biyu, su sun fi zurfi. Famfo yana zuwa yana ɗaukewa, amma muna tarawa a duro. Ba mu da kaji. Mohaman Bello kan ɗaure rago a bayan bangon, muna jin kukansa, amma ba ya haurowa. Ƙasar ja ce irin ta garin nan. Na jiƙa na dunƙula kamar yadda kika ce, ta zauna a hannuna kamar tuwon jiya.

Akwai kuma igiya a can sama da layin farko, tsakanin wasu manyan ƙusoshi biyu. Ba ta shuka ba ce, ta shanya ce. Kullum Salwa ta dawo daga makaranta sai ta baza wani tsohon zanina a kai. Nakan ce mata ke kam wankinki ba ya ƙarewa, sai ta yi dariya. Na ambata ne don kada ki ce na bar wani abu.

Hoton ne ban aika ba. Halimatu mutuniyar kirki ce, amma telefon ɗinta yana yawo a hannun mutane da yawa, kuma ban so a ga bangon yarinyar a wannan hali. In ya yi kore zan aika. Telefon ɗin Salwa yana cikin akwati, ba wanda ya san lambar buɗe shi.

Ina cin abinci.

Rahmatu

*

Jos

Rahmatu,

Lafiya lau muke, Allah ya sa ku ma haka. Da na karanta gabas sai da na ce alhamdu lillahi. Kin yi sa'ar bango. Mai kallon gabas yana shan ranar safe mai laushi, kafin ta yi zafi inuwa ta rufe shi. Duk ganyen da ke da shagwaɓa nan yake so.

Ki zubar da rabin jar ƙasar nan. Ki nemi baƙar ƙasa wurin masu sayar da fulawa a bakin titi, ki haɗa da busasshen kashin tumaki, tunda ga mai rago a maƙwabta. Busasshe na ce, ɗanye ƙona saiwa yake. Ki farfasa gawayi ki zuba a ƙasan kowace gora, ki tabbatar hujin bai toshe ba.

Layin sama ki sa latas. Na biyu seleri da faski. Na uku na'a-na'a. Manyan na ƙasa ki dasa gindin albasa don lawashi. Kada ki tsaya jiran iri, ki sayi dashe, na'a-na'a kuwa reshe kawai za ki soka. Ruwa da safe, daga sama, abin da ya ɗigo na ƙasa su sha.

Kada ki ji tsoro. Na'a-na'a ba ta mutuwa a hannun kowa. Jikata da ko takalmi ba ta iya sawa daidai ba ta soka ta a gwangwanin madara ta manta da ita, har yau da ita muke shayi. In ba mutum ya yi niyyar kashe ta ba, ba ta mutuwa.

Ki ba ni labari.

Azumi

*

Briqueterie
Watan Rajab

Adda,

Gaisuwa mai yawa. Muna lafiya. Na yi duk yadda kika ce.

Na fita da ƙafa har Messa, wajen kasuwar Mokolo. Tun rasuwar ban yi nisa haka ba. Gari yana nan yadda yake, taksi suna ta hon, mutane suna ciniki. Matar da ke sayar da dashe ba ta jin Hausa. Na ce faski, ta kalle ni. Sai da na nuna da yatsa ta ce, "A, persil." Ta tambaye ni da Faransanci ko gona gare ni, na ce bango. Ta ce to Allah ya ba bango lafiya.

Mohaman Bello ya miƙo min buhun taki ta saman katanga. Ya ce, "Maman Salwa, in kina son ragon ma sai a miƙo, shi ne injin." Na ga ya kamata in yi dariya, na yi.

Na dasa su da safe. Ban kwance ko igiya ɗaya ba, a rataye na canza ƙasar da cokali. Malam ya wuce zai tafi shago, ya tsaya ya duba sama, ya duba ƙasa, ya buɗe baki kamar zai yi magana, sai ya ce a dawo lafiya, alhali shi ne mai fita.

Yau suna tsaye. Zan rubuta in sun kama.

Rahmatu

*

Jos

Rahmatu,

Lafiya kuwa? Rajab ya wuce, ga Sha'aban ya shiga, shiru. Na kira Halimatussa'adiya ta ce kina nan, tana ganinki a bakin famfo, ta tambaye ki ko akwai takarda kin ce babu.

In wata magana ce tawa ta ɓata miki, ki faɗa. Ni bakina yana gaba da hankalina, duk Jos an sani. Na yi ta juya abin da na rubuta, na ce ko maganar leshin nan ce, ko wasan da na yi da bokitin mijinki. Mace tana cikin makoki ni ina zuba mata raha. Ki yafe min.

In kuma latas ne ya yi kyau har kika manta da ni, to na yafe miki, amma ki aiko hoto.

Ko layi ɗaya ne ki rubuta.

Azumi

*

Briqueterie
Watan Sha'aban

Adda,

Assalamu alaikum. Lafiyarmu ƙalau. Ba ki yi min komai ba. Maganar leshin ma na karanta ta sau da yawa, don ba kowa ke faɗin sunan yarinyar yanzu ba, kowa marigayiya yake cewa.

Sun mutu, Adda. Shi ya sa ban rubuta ba.

Latas ne ya fara. Da safe in na ba su ruwa sai su miƙe, in na fito da magariba in tarar sun kwanta kamar an zuba musu tafasasshen ruwa. Na ƙara ruwa. Seleri da persil suka bi. Na koma Messa na sake sayen wasu, su ma haka. Na'a-na'a ta fi daɗewa, bakin ganyenta ya yi baƙi, ya nannaɗe, ya kakkaɓe. Lawashi ne kawai yake tsaye a ƙasa, shi ma kansa ya yi fari.

Kin ce ba ta mutuwa a hannun kowa sai wanda ya yi niyya. Na zauna na binciki zuciyata da gaske, kamar yadda aka koya mana a makarantar allo mutum ya binciki niyyarsa kafin ibada. Ban sami niyyar kashe ta ba. Amma ban sami wata niyyar ba ma. Ina ba su ruwa ne kamar yadda nake wanke kwano. Na ce wataƙila shuka tana ganewa. Yarinyar tana yi musu magana, ni ban iya ba. Na san rai da mutuwa ba a hannuna suke ba, ba saɓo nake nufi ba. Sai dai abu biyu ke nan da na yi jinya a gidan nan.

Malam ya matso da bokitin daga zaure zuwa bakin ƙofar kicin, ya sayo buroshi. Jiya muna cin abinci ya ce, "Ranar Lahadi ba ni da ɗinki." Na ce to. Ban ga laifinsa ba. Bango ne da robobi da matattun ganye, kuma shi ne abin da yake gabanmu duk sanda muka tsaya salla a tsakar gida. Ni ma na daina la'asar a wurin, don daga azahar zuwa faɗuwar rana bangon yana ɗaukar zafi, in na yi sujada kusa da shi kamar ina gaban murhu. Ina shiga ɗaki in yi, in kwanta har magariba.

Na gode da wahalar da kika sha a kaina. Ba sai kin sake wata ba.

Rahmatu

*

Jos

Rahmatu,

Ki bar gaisuwa tukuna, muna lafiya. Ki karanta wannan a tsaye.

Kin ce bangon yana gabanku in kun tsaya salla. Kin ce yana zafi daga azahar zuwa faɗuwar rana. Rahmatu, ni na tambaye ki ina bangon yake fuskanta, ke kuma kin faɗa min inda ke kike fuskanta. Ke ce mai kallon gabas. Bangon ke yake kallo. In mutum biyu suna kallon juna ai ba wuri ɗaya suke kallo ba. Bangonki yamma yake kallo, ranar la'asar yake sha tun daga sama har ƙasa, a tsakiyar rani, ga siminti a ƙasa yana mayar masa da zafi. Ni kuma na ɗebo duk ganyen da ba sa son rana na ce ki jera musu a wurin. Ko ni na dasa su da hannuna, da carbi a wuya, sai sun mutu. Ba hannunki ba ne, ba zuciyarki ba ce. Ni da nake cin abinci da wannan aiki, da na ji an ce bangon gabas a gidan Musulmi ya kamata in sake tambaya.

Maganar na'a-na'a kuma ki goge ta. Tana mutuwa. Na kashe ta ba sau ɗaya ba.

Yanzu ga abin da bangon yamma yake ɗauka. A manyan na ƙasa, barkono da ɗoɗɗoya, ki bar lawashin yana nan. A tsakiya alayyahu, yana son rana kuma yana saurin tashi. Yakuwa ma, wadda na ji kuna ce wa folere, in don ganye ne ba don zoɓo ba. Reshen dankali in kin soka zai zubo ƙasa ya rufe robobin, ya hana su zafi. Ruwa safe da yamma. Kuma ko su, a gora, suna son a kare su daga ranar la'asar har su kama.

Wannan ya kawo ni ga wata tambaya, ki yi tunani kafin ki amsa. Tsohon zanin nan da Salwa take bazawa a igiyar sama kullum ta dawo makaranta, jiƙaƙƙe yake ko busasshe?

Ki nuna wa Malam Nu'man takardar nan kafin Lahadi. Ki ce Azumi ce ta yi kuskure, ya ƙara mana lokaci.

Azumi

*

Briqueterie
Ƙarshen Sha'aban

Adda Azumi,

Assalamu alaikum. Ina fata sanyi ya sake ku. Muna lafiya, sai dai bayan Malam ya ɗan motsa saboda hawa tsani.

Takardarki ba ta iso kafin Lahadi ba. Halimatu ta tafi suna a Cité Verte ta kwana biyu da telefon ɗinta. Ranar Lahadin da hantsi ta shigo da sauri tana ba ni haƙuri. Lokacin Malam ya riga ya sauke gorunan, yana kan tsani da buroshi, ya shafe rabin bangon.

Na karanta a tsaye kamar yadda kika ce. Ban taɓa tunanin bango yana da fuska ba. Tun ina yarinya in an ce gabas, inda ake kallo a yi salla ake nufi, abin da ke wurin kuma na gabas ne. Na je na tsaya inda nake shimfiɗa darduma, na kalli bangon, na ga lalle ni yake kallo, kuma tun da aka kawo ni gidan nan haka yake.

Busasshe ne, Adda. Zanin. Na yi tunani kamar yadda kika ce. Ban taɓa ganin ya ɗiga ba, ban taɓa ganin ta wanke shi ba.

Bayan Halimatu ta fita na ce, "Malam, ƙusoshin nan biyu na sama."

Bai juyo ba. Ya ce, "Ni na kafa mata. Ko ta hau kujera ba ta kaiwa."

Na ce, "Na mene ne?"

Ya ce, "Na labule. Ta ce rana tana dafa mata 'ya'ya da yamma."

Na ce, "Ashe ka sani."

Ya ce, "Na sani."

Na ce, "Ba ka faɗa min ba."

Ya tsoma buroshin a bokiti ya daɗe yana goge shi a baki. Sannan ya ce, "Ba ki tambaye ni ba. Kin tambayi Jos."

Kada ki ji haushin wannan, ba da ke yake ba. Gaskiya ya faɗa. Tun da aka fita da yarinyar, maganarmu ba ta wuce ga abinci, an kira salla, a dawo lafiya. Ban taɓa kawowa a raina cewa ya san wani abu game da bangon da ni ban sani ba. Ina tsammani shi bokitinsa kawai ya sani.

Ya sauko daga tsanin ya zauna a kan duro. Ya ce ranar da na yi dashe ya so ya faɗa. Ya ce wata rana ya dawo da azahar ina ɗaki a kwance, ya ga latas ya faɗi, ya shiga ya ɗauko zanin daga inda ta ninke shi. Ya ce, "Na kawo shi har nan. Na kasa ɗaga hannu." Ya mayar ya koma shago.

Na ce, "Azumi ta ce a ƙara mata lokaci, ita ta yi kuskure." Ya ce, "Baiwar Allah, tana Jos za ta ga ranar gidana?" Ya hau ya ƙarasa fentinsa.

Gorunan suna jere a kan tabarma a bakin kicin. Na je in kwashe su in kai bola, don kada ya zama shi ne zai yi. Sai na ga bai yanke ko igiya ɗaya ba. Zare su ya yi daga kan ƙusa, ɗaya bayan ɗaya, kowace da ƙullinta na hagu. Kuma ya jera su yadda suke a bango, layin sama a sama. Ƙusoshin ma bai cire ba, zagaye su ya yi da buroshi. Na bar su a wurin na shiga na ɗora tukunya.

Washegari ya tafi shago da zanin a ƙarƙashin hammata. Da ya dawo ya yi masa kalmasa, ya ɗinka masa 'yan madaukai a gefe ɗaya, ya ƙara masa farin yadi mara kauri don ya kai ƙarshen bangon. Ya zura shi a igiyar. Yanzu ja kawai ake yi. Da fentin ya bushe ya mayar da gorunan, ni ina miƙa masa yana ratayewa. Ya ce ɗoɗɗoya ce take a layi na biyu a da, ba seleri ba, kuma a bidon na ƙarshe barkono ne, wanda ya taɓa sa shi tari har yarinyar ta kawo masa ruwa tana dariya. Yana faɗin sunayen ina riƙewa. Ya san kusan duka.

Na dasa alayyahu da folere da ɗoɗɗoya da barkono, na soka dankali a gefe. Ni nake jan labulen bayan azahar, shi yake buɗewa in ya dawo. Ba mu yi shawarar haka ba, haka dai ya zama. Alayyahun ya tsaya. Ɗoɗɗoya biyu sun kwanta, sauran ban sani ba tukuna. Ba lambu ba ne har yanzu. Bokitin dai babu komai a ciki, na wanke shi ina ba su ruwa da shi.

Kada ki zaci na warke. Ban yi kuka ba har yau, kuma da rana nakan kwanta in kalli rufi. Amma jiya Malam ya ce miyar ta yi gishiri. Na ɗanɗana, na ji. Ta yi gishiri sosai.

Abu ɗaya ya rage. Layin sama babu komai, don labulen ba ya rufe shi duka, rana tana shiga ta saman igiyar. Malam ya ce bai tuna abin da ta sa a wurin ba, ya yi ta ƙoƙari bai tuna ba. Matar Messa ta ce in sa sitronel, ciyawar nan mai ƙamshi da ake dafawa a shayi, amma ina tsoron gorar ta yi mata kaɗan. Me kika gani? Bangon yamma yake kallo, gorar zurfin yatsa ce, ranar kuma tun daga azahar.

Ana sa ran ganin wata cikin makon nan. Don Allah ki amsa min da wuri, Halimatu tana gida.

Ƙanwarki,
Rahmatu